Yadda zaka sa kyamararka ta riƙe fari da duhu a hoto ɗaya, a irin ranarmu ta Katsina

Duk mai ɗaukar hoto a garin nan ya san matsalar, ko da bai san sunanta ba. Ango ya fito daga masallaci bayan ɗaurin aure, farar shadda ta sha guga tana ƙyalli, rana tana tsakar ka, hula ta jefa mashi inuwa a ido. In ka saita kyamara don fuska ta fito sai rigar ta ƙone fat, aikin da mai ɗinki ya kwashe sati yana yi a wuya da aljihu ya ɓace, ya zama farar takarda. In kau ka saita don riga sai fuskar ta zama baƙi ƙirin, in kaje kwamfuta ka ɗago ta sai yashi-yashi ya cika hoton har da wasu layuka ja da kore. Wannan tazara tsakanin mafi hasken abin da sensa, wato ɗan allon da ke karɓar haske a cikin kyamara, zata iya riƙewa da mafi duhun da zata iya nunawa a tsabtace, ita masu sana'a ke kira dainamik renj, ni dai a nan zan riƙa cewa zangon haske don mu tafi tare.

Yawancin yaran shago da sun ga haka sai su ce ai kyamarar ce ta tsufa, oga a sayo sabuwa. Wani lokacin gaskiya ne, amma sau tari sensar da ke hannunka tana da ƙarfin da baka taɓa amfani da rabinshi ba, saitin ne ke zubar da shi tun kafin hoton ya shiga memori.

Ka fara gane mi ke faruwa cikin sensar

Kowane fiksil, wato ɗan ɗigon da ke tara haske a kan sensa, ka ɗauke shi kamar bokitin da aka tara ƙarƙashin indararo, haske shine ruwan. Bokiti yana da iyaka, in ya cika ya cika, duk abin da ya ƙaru zubewa yake kuma ba wanda zai iya gaya maka nawa ya zube, wannan shine ƙonewar fari. A gindin bokitin kuma akwai ɗan datti da baya rabuwa da shi, wato hayaniyar lantarkin da ke karanta sensar, in ruwan da ka tara kaɗan ne sai ya cakuɗe da dattin, wannan shine yashi-yashin da kake gani a inuwa.

Ana auna zangon da mataki, abin da muke ce ma sitof, kowane mataki ɗaya ninkin haske ne sau 2. Manyan kyamarori irin su Nikon D850 da Sony A7 III suna kai wajen mataki 14 a mafi ƙarancin ISO, wato saitin da ke ƙara ƙarfin hasken da sensa ta karɓa, tsofaffin Canon irin 600D da 700D da 5D Mark III suna wajen 11 zuwa 12. Bambanci ne na gaske amma ka riƙe wannan: shi kanshi haske yana zuwa da nashi yashin. In fiksil ya samu ƙwayar haske 100, rashin daidaiton da ke ciki wajen 10 ne, kashi 10 cikin ɗari kenan. In ya samu 10,000 rashin daidaiton 100 ne, kashi 1 cikin ɗari kacal. Shi yasa hoton da ya ƙoshi da haske yake fitowa sumul, wanda aka ma rowar haske kuma yake fitowa da ƙura ko da kyamarar miliyan nawa ce. Duk abin da zan faɗa nan gaba a kan haka ya ginu, ka cika bokitin har kusa da baki amma kar ya zube.

Na farko, koma RAW

Wannan baya buƙatar dogon zance amma shine wanda mutanenmu suka fi ƙi. RAW shine ɗanyen fayil ɗin da sensa ta ɗauka, JPEG kuma wanda kyamara ta gyara ta matse. JPEG bit 8 ne, matakan launi 256 a kowane launi, kuma kyamara ta riga ta yanke hukunci ta zubar da sauran. RAW mai bit 12 yana da 4,096, mai bit 14 yana da 16,384. Farin da ya nuna maka ya ƙone a JPEG sau da yawa yana nan da ranshi a RAW, zaka iya jawo kusan mataki guda. Shiga menu ka zaɓi RAW, in kana cikin masu buga hoto nan take a wurin biki ana jira a karɓa to ka sa RAW+JPEG, ka buga na nan take da JPEG, na albam ka gyara daga RAW. Masu Nikon D5300 da D7000 zuwa sama ku duba, akwai wurin zaɓen 12 ko 14, ku sa 14. Masu D3200 har D3500 naku 12 ne kawai ba zaɓi, kuma ba komai, yana aiki.

Kuka ɗaya da ake yi shine cin memori. Hoton RAW na kyamara mai megafiksil 24 yana kai MB 25 zuwa 30, memori mai GB 64 zai ɗauki wajen 2,000. Bikin da ya wuce haka a wuni ɗaya ai sai dai in harbi kake ba ɗauka ba.

Wani abu da ba kowa ya sani ba, kyamarori marasa madubi da yawa in ka kunna shota marar ƙara ko ɗauka a jere da gudu sai su sauko bit 12 da kansu ba tare da sun gaya maka ba. In ba dole ba ka bar shotar ta yi ƙararta.

Na biyu, ISO

Da rana ka zamna a ISO na asali, 100 a yawancin kyamarori, 64 a D850, 160 ko 200 a Fujifilm da yawa. Nan ne bokitin yake da cikakken girmanshi. Duk ninkin ISO da kayi kana yanke wajen mataki ɗaya daga saman zangon, ISO 800 da rana tsaka asara ce kawai. Kuma kar ka ruɗu da wanda ake rubuta ma L ko Lo, irin ISO 50 na Canon, wannan ba na gaske bane, kyamara ce ke ɗauka a 100 da ƙarin haske sannan ta rage, fari ya fi saurin ƙonewa a cikinshi.

Da dare kuma labari ya sha bamban, kuma nan ne ya kamata ka san irin kyamarar da ke hannunka. Tsofaffin Canon na kafin 2016, wato su 550D, 600D, 700D, 60D, 7D, 5D Mark II da III, na'urar da ke mayar da siginar sensa zuwa lambobi tana wajen sensar ne, to a hanya sai ta kwaso datti. Irin waɗannan in wuri yayi duhu gara ka ɗaga ISO a cikin kyamara zuwa 800 ko 1600 da ka ɗauka a 100 kace zaka ɗago a kwamfuta, in kayi haka layuka zasu fito maka a inuwa wallahi ba maganinsu. Daga 80D da 5D Mark IV na 2016 Canon suka gyara wannan. Nikon kau tun D7000 na 2010 da D750 na 2014 inuwarsu a tsabtace take, zaka iya ɗago mataki 3 ko 4 hoton bai lalace ba, shi yasa masu su suke iya rage haske don kare fari hankali kwance.

Sababbin kuma suna da wani abu, sensar tana da giya biyu kamar na mota, in ta shiga ta biyu dattin karatunta yana raguwa. Sony A7 III giyarta ta biyu tana shiga a ISO 640, D850 a 400, Nikon Z6 a 800. Ma'ana in kana A7 III a holin biki ka ga kana ISO 500, gara ka ƙarasa 640, inuwar ta fi tsabta a can.

Na uku, auna hasken, nan ne aikin yake

Mitar kyamara bata san fari ba bata san baƙi ba, duk abin da ka nuna mata so take ta mayar da shi toka-toka. Shi yasa in taron masu fararen kaya ya cika hoton sai ta rage haske fuskoki su mutu, in kuma bango mai duhu ne a bayan ango sai ta ƙara rigar ta ƙone. Ka daina barinta tana yanke maka hukunci. Ga yadda nake yi:

Ka koma M, wato yanayin da kai ke saita komai da hannu. Ka sa mitar a kan awon ɗigo, wanda ake rubuta Spot. Ka nufi wurin da ya fi haske a jikin rigar wanda kake son zaren shi ya fito, yawanci kafaɗa ko saman hannun babbar riga inda rana ke duka. Ka juya shota har alamar mitar ta tsaya a +2. Ba sifili ba, +2, saboda farin yadi ya fi toka-toka haske da mataki 2 da ɗan ɗori. Ka ɗauki na gwaji ka duba.

Dubawar kuma ba da ido a sikirin ba. A hasken Ƙofar Soro ranar hawa sikirin ɗin kyamara ba abin da zai nuna maka sai fuskarka, kuma da dare yakan sa hoto mai duhu ya yi kamar lafiya lau. Abu biyu zaka kunna. Na ɗaya gargaɗin ƙonewa, Canon suna ce mashi Highlight alert, a Nikon yana cikin zaɓin nunin hoto da sunan Highlights, a Sony kuma Zebra ne ka sa shi 100+. Duk inda ya ƙone zai riƙa ƙyaftawa ko ya yi zane-zane. Na biyu histogiram, wannan ɗan tsaunin da ke fitowa gefen hoto. Hagu duhu, dama haske. So kake tsaunin ya matsa dama har ya kusa taɓa bango amma kar ya hau bangon. In akwai fili babba a dama ba komai ciki, kana ma sensa rowa, ƙara haske. In ya jingina da bangon ya miƙe tsaye, rage kashi ɗaya cikin uku na mataki ka sake.

Ba duk ƙyaftawa ce abin tsoro ba fa. Ƙyallin gilashin mota, bakin takobi, azurfar kayan doki, madubin da ke jikin linzami, waɗannan barsu su ƙone, ko ido ma haka yake ganinsu. In kace sai ka ceto su zaka kashe hoton gaba ɗaya. Riga da rawani da goshin mutum, su ne ba'a yarda su ƙone ba.

Sannan ka buɗe histogiram mai launi uku, ja da kore da shuɗi daban-daban. Dalili, ranar hawan Sallah ko Hawan Magajiya a Daura, jan kayan dogarai yana ƙonewa a layin ja tun farin histogiram ɗin yana nuna maka komai lafiya, sai ka koma gida ka ga rigar ta zama jan fenti shafe ba lanƙwasa ba ninki. Haka jan leshi da jan mayafi a wurin kamu. In ja ya hau bango ka rage.

Wata dabara ƙarama: histogiram ɗin daga JPEG ɗin da kyamara ta haɗa yake fitowa ba daga RAW ba, to in salon hotonka yana kan Standard ko Vivid ko Landscape zai riƙa maka ƙaryar ƙonewa da wuri. Ka mayar da shi Neutral ko Flat ka rage kwantaras ɗin, sai ya fi kusa da gaskiyar abin da sensa ta riƙe. Hoton zai yi fari-fari a sikirin kamar an wanke shi, kar ka damu, kar kuma ka nuna ma uwar amarya a haka.

Su Highlight Tone Priority na Canon, wanda ke nuna D+, da Active D-Lighting na Nikon da DRO na Sony, mutane na tambaya a kansu. D+ yana ƙara maka wajen mataki ɗaya a fari amma ISO zai fara daga 200 kuma inuwa zata ɗan ƙara yashi, abin da yake yi shine rage haske a ɓoye sannan ya ɗago tsakiya. Ga mai JPEG a wurin ɗaurin aure yana da amfani sosai, ni ina ba da shawarar shi. Ga mai RAW da ya iya awon da na faɗa a sama, bai ƙara mashi komai ba. DRO kuma JPEG kawai yake taɓawa.

Na huɗu, in zangon wurin ya fi ƙarfin sensa, rage zangon wurin

Wannan ya fi duk wani saiti, kuma shi ne ke raba ƙwararre da mai koyo. Tsakanin rana da inuwar fili akwai wajen mataki 3, ka haɗa da tazarar farar riga da fatarmu, ka ga abin ya yi nisa. To maimakon ka tsaya faɗa da kyamara, ka gyara hasken.

Mafi sauƙi ka matsar da mutum. Ka ce ranka ya daɗe dan Allah a ɗan matso nan gindin darbejiya, ko bakin zaure, ko inuwar katanga, yadda riga da fuska duk zasu shiga haske iri ɗaya. Amma ka kula da inuwar bishiya mai huji-huji, tana zana ma mutum tabo a fuska, kuma ka duba bayanshi kar ya zama fili mai rana tsantsa. In ba inuwa ka juya shi ya ba rana baya, fuska da gaban riga duk su kasance a inuwa, ka auna a kan su, ranar ta zana mashi haske a gefen kafaɗa.

Sai filash da rana. Yara suna dariya in sun ga an kunna filash da azahar, alhali lokacin ne aka fi buƙatarshi. Saitin farawa: ISO 100, shota 1/200, ƙofar lensi f/11. Wannan ya yi daidai da hasken rana tsantsa kuma bai wuce gudun da filash ke iya bi ba, wanda a yawancin kyamarori 1/200 ne ko 1/250. Ka sa filash a TTL, wato ya auna ƙarfinshi da kanshi, ka rage shi zuwa -1 don ya cike inuwar ido da ƙarƙashin hula kawai ba tare da ya nuna kanshi ba. A f/11 ƙaramin filash na kan kyamara baya wuce mita 2 zuwa 3, kuma in ka ninka nisa hasken baya raguwa rabi, kashi ɗaya cikin huɗu yake komawa, mataki 2 kenan, don haka ka matsa kusa. In kana son baya ya narke a f/4, ka ɗaura gilashin rage haske ND mai mataki 3, daga f/11 zai kai ka f/4 daidai. HSS, wato yanayin da filash ke bin shota mai gudu sosai, shi ma yana yi amma yana cinye ƙarfin filash sosai, sai irin su Godox AD200 ke jurewa.

In ba filash, faifan mayar da haske ko farin kwali babba a hannun yaronka, ya tsaya ta gefe ƙasa kaɗan. Ka yi amfani da farin ɓangaren, mai azurfar nan a ranar Katsina hawaye zai sa mutum.

Lokaci ma saiti ne. A nan rana tana kaiwa tsaka wajen 12:30, kuma a ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta a bisa kai take sak, ido ya zama rami. In kai ke da ikon zaɓe, hoton kafin biki ko na Hasumiyar Gobarau ko ganuwa, ka fita kafin 9 na safe ko bayan la'asar sakaliya. Lokacin hunturu kuma hazon nan da muke kuka da shi yana tausasa rana, zangon wuri ya ragu, fuska ta yi kyau, sai dai sama ta zama fara ba launi, to ka rage yawan sama a hoton.

Na biyar, haɗa hotuna, ga abin da baya motsi

Cikin ɗaki mai taga, zauren da ƙofarshi ke kallon rana, cikin ginin Rijiyar Kusugu da hasken waje ke shigowa, jeren ɗakin amarya, hoton gida na dillalai, nan ba sensar da zata iya da hoto ɗaya. Ka kafa kyamara kan mai ƙafa uku, ka sa Av ko A don ƙofar lensi kar ta canza, ISO 100, ka kunna AEB, wato ɗaukar hoto uku da haske daban-daban, ka buɗe shi -2, 0, +2, ka sa taima ta daƙiƙa 2, Canon zata harba ukun da kanta. Ka duba na duhun ko taga ta fito, ka duba na hasken ko lungu ya fito. A Lightroom, manhajar gyaran hoto a kwamfuta, ka zaɓi ukun, Photo Merge sannan HDR, tun 2015 aka sa wannan a ciki, zai baka fayil ɗaya DNG da zaka gyara kamar RAW. Kar ka ja shi har ya zama kamar zanen bango, inuwa ta zama inuwa.

Ga dawaki da taro kau manta da wannan, doki baya jiranka.

Na shida, gilashi da ƙura da zafi

Zangon da ake faɗa a takarda na sensa ne, amma haske ta lensi yake bi. Lensi mai maiƙon yatsa ko ƙura, ko arhar gilashin UV da aka ɗaura a gaba, yana watsa haske cikin inuwa, baƙi ya zama toka, hoto ya yi hazo. Ka goge, ka sa hular lensi kullum, in kana fuskantar rana ko fitila ka cire UV ɗin. Kuma kar ka saba da f/22, a ƙaramar sensa irin ta 600D ko D3200 daga f/11 zuwa sama hoto yana fara laushi, yawancin lensi sun fi kaifi tsakanin f/5.6 da f/8.

Ƙurar sensa kuma daga Nuwamba zuwa Fabrairu sai addu'a. Gwaji: sa f/16 ko f/22, ka ɗauki sama ko farin bango, ka zuƙo a kwamfuta, ɗigo-ɗigon da ke wuri ɗaya a kowane hoto ƙura ce. Batir ya cika, ka shiga menu na tsabtace sensa da hannu, ka kifa kyamara ƙasa, ka busa da robar busawa. Banda baki, banda auduga, banda gefen riga. In ta ƙi fita sai sandar goge sensa daidai girmanta da ruwanta, in hannunka na rawa ka kai ma wanda ya iya. Kuma kar ka canza lensi a filin hawa bayan dawaki sun yi sukuwa, ka shiga mota ko ka yi haƙuri da wanda ke kai.

Zafi ma yana ƙara yashi. Hayaniyar da sensa ke yi da kanta tana ninkawa duk ƙarin digiri 6 zuwa 8, a watan Afrilu da muke haura 40 kuma ka bar kyamara cikin mota ko ka bar sikirin a kunne awa guda, zaka gani a bidiyo da hoton dare. Ka kashe ta in ba aiki take ba, ka rufa mata farin ƙyalle.

Holin biki da dare

Nan matsalar ta juye, fitilu masu ƙarfi a bayan amarya, fuska a duhu. Ka fara buɗe ƙofar lensi, 50mm f/1.8 mai arhar nan yana shigo da haske kusan sau 10 fiye da lensin da ke zuwa da kyamara in yana f/5.6, ba wata sabuwar sensa da zata baka irin wannan tsallen. Sannan shota a 1/100, sannan ISO a ƙarshe. Na ce 1/100 saboda wutarmu 50Hz ce, fitilu da yawa suna ƙyaftawa sau 100 a daƙiƙa, in ka wuce haka sai ka ga ratsi ko launi na canzawa daga hoto zuwa hoto, in janareta ne ma yakan ɗan kauce sai ka gwada. Filash ka harba shi silin in fari ne. Fitila mai ruwan ɗorawa kuma tana da ƙarancin shuɗi, kuma dama kashi ɗaya cikin huɗu na fiksil ne ke karɓar shuɗi, rabi kore ne, shi yasa in ka gyara launin a kwamfuta yashin shuɗi ke tasowa, filash ke maganin wannan.

Masu bidiyo, salon ɗauka na S-Log3 a Sony da C-Log a Canon suna riƙe zango sosai amma a kyamara mai bit 8 irin A7 III in baka iya gyaran launi ba sama da fata zasu yi maka faci-faci. Gara salon Neutral mai ƙarancin kwantaras, firam 25, shota 1/50, da ND da rana.

Na ƙarshe, gyara a kwamfuta

In baka da Lightroom, Canon suna ba da DPP kyauta, Nikon NX Studio, akwai kuma darktable da RawTherapee duk kyauta. Jerin da nake bi: launin fari tukuna, ka danna a kan rigar da ka san fara ce. Sai hasken gaba ɗaya har fuska ta zamna daidai. Sai ka ja Highlights ƙasa har aikin wuya ya fito, ka tsaya nan, in ka kai shi ƙarshe farar shadda zata zama toka mai datti kuma mai ita zai ce ba rigarshi bace. Shadows kaɗan-kaɗan. In fuska ce kawai ke duhu kar ka ɗago hoton duka, ka zana mata mas, wato ka keɓe ta ita kaɗai, ka ƙara rabin mataki ko ɗaya. Kuma dan Allah a daina mayar da mutane farare, fatar mutum tana da launinta, in ka ɗago ta fiye da kima toka-toka take zama.

Rage yashi sai a ƙarshe, na launi ka cire shi duka, na haske ka bar kaɗan don kar fata ta zama roba. Denoise da Adobe suka sa a Lightroom a 2023 yana aiki ƙwarai a kan RAW amma yana son kwamfuta mai ƙarfi, a tsohuwar laftof hoto ɗaya zai iya cin mintuna. Ka fitar a sRGB, kuma in zaka tura ma mai bugawa ta WhatsApp ka tura a matsayin dokumen, in ba haka ba zai matse hoton duk wahalar nan ta tafi.

Masu waya ma abin ɗaya ne a taƙaice: goge gilashin, kunna HDR, taɓa fuska a sikirin sannan ka ja alamar ranar nan ƙasa har riga ta dawo. Yanayin 50MP ko 108MP ka barshi sai da rana a abin da baya motsi, na yau da kullum yana haɗa fiksil 4 ko 9 su zama ɗaya kuma ya fi riƙe haske da duhu.

In kuma bayan duk wannan kana ganin sai ka canza kyamara, kafin ka biya kuɗin ta hannu ka yi mata gwaji ɗaya a gaban mai ita. ISO 100, RAW, ka ɗauki wuri mai inuwa daidai, ka sake ɗauka ka rage mataki 3, ka buɗe a laftof ka ɗago na biyun da mataki 3 ka jera su. In ka ga layuka ko ɗigon ja da shuɗi da basa motsi, ka san abin da zaka saya. Cikakkiyar sensa mai 36 da 24 milimita ta ninka ƙaramar fiye da sau 2 a fili, wajen mataki ɗaya na tsabta kenan, don haka D750 ko A7 III na hannu ya fi maka sabuwar ƙarama mai yawan megafiksil in aikinka biki ne da hawa, amma ka lissafa da kuɗin lensi don na ƙaramar ba duka ke rufe babbar ba.